Sharhi a Kan Littafin Nkrumah da Saɓanin Addis Ababa na 1963

A shekarar 1963, daf da taron shugabannin Afirka a Addis Ababa, Shugaba Kwame Nkrumah na Gana ya fitar da littafinsa mai suna Africa Must Unite. Manufar littafin ita ce ƙasashen da suka sami 'yancin kai su haɗe nan take ƙarƙashin gwamnati ɗaya, da rundunar tsaro ɗaya, da tsarin tattalin arziki ɗaya.

Wannan ra'ayi yana da tushe a ƙetare. Marcus Garvey, mutumin Jamaika, ya yi kira ga baƙar fata su dogara da kansu, su mai da Afirka gida. W.E.B. Du Bois na Amurka kuwa ya fi gaskata tarurrukan masana da neman haƙƙi ta hanyar doka. Mutanen biyu ba su ga maciji da juna. Nkrumah ya ɗiba daga kowannensu: ya halarci taron Mancesta na 1945 tare da Du Bois, ya kuma sanya baƙin tauraro a tutar Gana, alamar da ake dangantawa da Garvey.

Ƙarfin littafin yana wajen gano cuta. Marubucin ya nuna cewa ƙananan ƙasashe masu sayar da ɗanyen kaya, kamar koko da gyaɗa, ba su da bakin magana a kan farashi, don haka Turawa za su ci gaba da juya su ko bayan sauke tuta. Zamani ya gaskata shi a nan.

Rauninsa yana wajen magani. Littafin bai gamsar da mai karatu a kan yadda shugaban da ya karɓi mulki jiya zai miƙa shi yau ba. Tarayyar Mali da Senegal ta watse a 1960. Haɗin Gana da Gini na 1958, wanda Mali ta shiga daga baya, bai wuce takarda ba. Wannan ne ya sa ɓangaren Monrobiya, inda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, ya ƙi bin ɓangaren Kasablanka na su Nkrumah. Ɓalewa ya nemi a fara da ciniki da sufuri da sadarwa, kowa ya girmama iyakar ɗan'uwansa. Ra'ayinsu ne ya rinjaya ranar 25 ga Mayu, 1963, da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Sai dai masu bi a sannu su ma suna da abin tuhuma. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma a 1969 Gana ta kori baƙi, ciki har da Hausawan zango da yawa, a 1983 kuma Nijeriya ta yi wa 'yan Gana irin haka. Ƙungiyar ECOWAS da aka kafa a 1975, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga cikinta a 2025.

Saboda haka ina jan hankalin malamai da kada su koyar da wannan babi a matsayin labarin jarumi da matsoraci, kamar yadda wasu kan yi. Nkrumah ya hango inda za a je, Ɓalewa ya san halin hanya, kuma sojoji ne suka kawo ƙarshen mulkinsu duka a farkon 1966. A gabatar wa ɗalibi hujjar kowane ɓangare, a bar shi ya auna da kansa. Allah ya sa mu amfana.