Yadda Poulenc Ya Sa Takobi Cikin Waƙa

Ranar 17 ga Yuli 1794, a tsakiyar juyin juya halin Faransa, aka fille kan mata goma sha shida a birnin Faris. Sistocin Katolika ne 'yan ɗariƙar Karmel daga garin Compiègne, laifinsu shi ne sun ƙi barin zaman zuhudu bayan hukuma ta rufe gidansu. Suna rera waƙoƙin ibada aka riƙa hawa da su dandamali ɗaya bayan ɗaya. Kwana goma bayan haka mulkin Robespierre, jigon masu juyin, ya faɗi.

Mawaƙi Francis Poulenc ya mai da labarin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, mai suna Dialogues des Carmélites. An fara nuna shi a La Scala ta Milan a 1957. Kyau kam ko'ina akwai shi, amma fitowar ƙarshe ce ke sa ni sara wa mutumin nan.

Mawaƙa sun saba kai ƙarshen wasa da ƙarin muryoyi da ƙarin kiɗa. Poulenc ragewa ya yi. Sistocin sun ɗauki waƙar Salve Regina baki ɗaya, a ƙarƙashinsu kiɗa na tafiya da taku mai nauyi wanda ba ya tsayawa. Sai ƙarar faɗuwar takobin na'urar fille kai ta ratsa, murya ɗaya ta ɓace, sauran su ci gaba. Asirin yana cikin lokacin da takobin ke faɗowa: bai jera shi daidai da bugun kiɗa ba. Wani sa'in tsakiyar kalma yake zuwa, wani sa'in a jinkirta shi har mai sauraro ya fara sakin jiki. Da ya bi ƙa'ida, da kunne ya saba da shi ya mai da shi ganga. Haka nan ba mai sabawa, kowace faɗuwa sai gaba ya faɗi.

Su ma masu rerawa suna shan aiki. Dole kowace ta san inda za ta yanke numfashi, ta yanke shi tsaf babu ja, waɗanda suka rage kuma su riƙe waƙar kada ta yi rawa, alhali suna ta ƙaranci har a bar Sista Constance ita kaɗai.

Daga nan Blanche ta fito daga cikin taro. Ita ba ta cikin tarihi. Marubuciyar Jamus Gertrud von Le Fort ce ta ƙirƙire ta a 1931, Georges Bernanos ya gina hirarrakin wasan a kai. Yarinya ce da tsoro ya kora daga cikin 'yan uwanta. Poulenc bai ba ta wata doguwar waƙar jarumta ba, baitin ƙarshe na wata tsohuwar waƙar coci ya sa a bakinta, a sauƙaƙe, kuma takobin bai bari ta kai ƙarshensa ba.