Shaidar Iyaye Gado Ce, a Gida Ake Raba Ta

Duk wanda ya halarci sujadar Lahadi a majami'un ƙasar Birnin Gwari cikin shekarun nan ya san lokacin ba da shaida ya sami matsayin da bai taɓa samu ba, domin tun da 'yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, iyalai masu yawa suka wayi gari da labarin kamu da kuɓuta. Mutum zai miƙe gaban ikilisiya, sawun sarƙa bai gama bajewa a idon sawunsa ba, samari su ɗaga wayoyi suna ɗauka, kafin la'asar maganarsa ta gama zaga WhatsApp.

Ban ga aibin wannan ba, gama godiya ga Ubangiji a bainar jama'a wajibi ce. Abin da ke damuna shi ne, wannan bawan Allah da ya sa ikilisiya hawaye, in ya koma gida sai ya kame bakinsa, ya sallama tarbiyyar 'ya'yansa ga malamin makarantar Lahadi, har ya zamana ɗansa na cikinsa a wayar wani yake jin abin da ya sami ubansa.

Ba haka magabatanmu suka yi ba. Ko da yake 'yan mishan na SIM sun sauka Wushishi tun 1904, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, kuma a lokacin masu iya karanta shi a ƙauyukan Gbagyi ƙalilan ne. Saboda haka bangaskiya da baki ta yaɗu, bayan tuwon dare, kaka tana faɗa wa jikoki yadda ta tuba da irin tsangwamar da ta sha a wurin dangi. Manzo Bulus ma, da zai ƙarfafa Timoti, kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya tuna masa. Maƙwabtanmu malaman Musulunci ba sa karɓar riwaya sai da isnadi, a san wa ya ji daga wa. To, wane isnadi ne ya fi ƙarfi a zuciyar yaro kamar ya ce daga bakin babana na ji?

Bugu da ƙari, shaidar majami'a taƙaitacciya ce, nasara kaɗai take ɗauka. A gida ne yaro zai ce, "Baba, ka ji tsoro?" uban kuma ya amsa da gaskiya: ya faɗi daren da addu'a ta ƙi fitowa daga bakinsa, da yadda aka sayar da masara da shanun noma aka haɗa kuɗin fansa, da gudummawar Zumuntar Mata, da Musulmin da aka ɗaure su tare suka riƙa raba loma ɗaya. Yaron da aka ɓoye wa waɗannan, zai tsinci labarin a bakin 'yan unguwa, ya gaji ƙiyayya maimakon imani. Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari a Nuwamban 2024 an yi sulhu, an sake buɗe kasuwar shanu, amma gafara ba a ƙulla ta a taron hukuma. A bakin wanda aka zalunta ake koyon ta.

Masu cewa kada a firgita yara suna da hujja, sai dai hikima ita ce a ba kowane gwargwadon shekarunsa, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiya, duk wanda ya nemi izinin ba da shaida ranar Lahadi, su tambaye shi ko 'ya'yansa sun riga sun ji ta, da Gbagyi ko da Hausa, harshen da uwa take yi musu addu'a da shi. Haƙƙinsu ne, kuma amana ce da za a tambaye mu.