Makaɗin Da Ke Durƙusa Wa Tsofaffi

A Birtaniya, idan tsufa ya yi nisa jiki ya gaza, mutane da yawa kan koma gidan kula da tsofaffi, inda ma'aikata ke yi musu wanka, su ba su abinci da magani dare da rana. Kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje suna fama da gigin tsufa ko mantuwa mai tsanani, ciwon nan da ke cin ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. Kusan kowane gida yana da babban falo: kujeru jere a jikin bango, talabijin na ta surutu a kusurwa, kowa ya sunkuyar da kai. Wannan falon ne wasu makaɗa da mawaƙa da masu rawa suka mayar wurin aikinsu. Wanda ya leƙo ta taga zai ga jita ɗaya da tsofaffin waƙoƙi, ya ce ai kowa ma zai iya. Sai ya zauna ya bi aikin daki-daki kafin ya san yawan ilimin da ke ɓoye a cikin wannan awa guda.

Sana'ar tana da asali. Ƙungiyar da a yau ake kira Music in Hospitals & Care ta fara kai makaɗa asibitoci tun 1948. Yehudi Menuhin kuwa, shahararren mai gogen Turawa, ya yi wa sojoji da majinyata kiɗa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1945 shi da Benjamin Britten suka yi wasa a gaban waɗanda suka tsira daga sansanin Bergen-Belsen. Abin da ya gani a fuskokin mutanen bai bar zuciyarsa ba. A 1977 ya haɗa kai da Ian Stoutzker suka kafa Live Music Now, wadda ke tantance matasan makaɗa, ta horar da su, ta biya su, ta tura su gidajen tsofaffi da makarantun yara masu buƙata ta musamman. Horarwar nan ita ce abin lura. Wanda ya gama makarantar kiɗa da babban sakamako, a nan ɗan koyo ne.

Aikin yana farawa tun ba a buɗe jakar kayan kiɗa ba. Makaɗin da ya san abin da yake yi yakan iso da wuri ya zauna da ma'aikaciyar da ta san mutanen gidan, ya yi ta tambaya. Wa ke da kunne ɗaya, kuma wanne ne? Wa ya rasa matarsa kwanan nan? Wa ba ya son a taɓa shi? Akwai wadda ta yi waƙa a coci tana budurwa? Wa ya taso a Jamaika, wa ya zo daga Ayalan ko Indiya? Da wane suna kowa yake so a kira shi? Hatta lokacin wasan ba a zaɓarsa da ka. An fi son hantsi, bayan an karya kumallo an sha magani, ko kuma da rana bayan an ɗan huta. Ana guje wa yamma liƙis, domin masu gigin tsufa da yawa hankalinsu kan tashi idan rana ta doshi faɗuwa, su fara neman hanyar gida.

Daga nan sai gyaran ɗaki. A kashe talabijin. A janyo kujerun nan daga jikin bango a yi da'ira da su, yadda kowa zai ga fuskar ɗan'uwansa. A danne birkin kekunan guragu, a bar ƙofa a buɗe da hanya a sarari, saboda wanda ya ji ya ƙosa ya fita ba tare da kunya ba. Makaɗin ba ya tsayawa ya ba taga baya. In ya yi haka fuskarsa ta zama inuwa, alhali da yawa cikin masu sauraronsa da leɓensa suke kama rabin maganar. Lasifika kuwa, in ma an kawo ta, ƙasa-ƙasa ake kunna ta. Kunnen tsoho yakan fara rasa siririn sauti ne kafin mai kauri, kuma na'urar ƙara ji da ke maƙale a kunnensa tana iya mayar da ƙara mai ƙarfi ta zama azaba. Shi ya sa aka fi son kayan da za a iya yawo da su cikin da'irar: jita, goge, sarewa, akodiyon. A gefe kuma ga kwando cike da kacau-kacau, ƙananan ganguna da gyaluluwa masu launi, waɗanda za su shiga hannun tsofaffin idan lokaci ya yi.

Zaɓen waƙa lissafi ne. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya ji ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 shi ya fi zama daram a ransa. To, dattijuwar da aka haifa a 1940 tana da shekara 15 a 1955, tana da 25 a 1965. Waƙoƙin da ta yi rawarsu ke nan na zamanin Elvis Presley ne da Beatles. Malalacin mawaƙi yakan kwaso waƙoƙin Vera Lynn na lokacin yaƙi ya zuba wa kowa, don a ganinsa tsoho tsoho ne, bai san waɗannan na iyayenta ba ne. Mai himma kuwa yana tafe da ɗaruruwan waƙoƙi a ka, na rawa da na ibada da na gargajiyar yankuna daban-daban, kuma a shirye yake ya watsar da jerin da ya tsara tun daga gida idan wani dattijo ya ɗaga murya ya nemi wata.

Me ya sa waƙa ke saura bayan sunaye sun gudu? A 2015 wasu masu bincike, ciki har da na cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, sun wallafa a mujallar Brain cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe da waƙar da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke jinkirin lalatawa. Likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks ma ya ba da labarin irin waɗannan majinyata a littafinsa Musicophilia na 2007. Mu ma ba baƙin abin ba ne: akwai tsohon da ya manta ko ya ci abincin rana, amma a ja masa farkon surar da ya haddace a makarantar allo, sai ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe.

Sanin waƙar bai wadatar ba, sai an san yadda za a miƙa ta. Muryar tsufa ba ta hawa sama, numfashi kuma ya gajarta. Don haka mawaƙin yakan sauke waƙar ƙasa da inda mai ita ya rera ta, ya rage mata gudu, ya maimaita amshi sau biyu ko uku. Yana da wata dabara da nake jin daɗin gani ƙwarai: sai ya rero baiti har kusa da ƙarshe, ya yi shiru, ya ɗaga gira yana jira. Cikin wannan ɗan shirun sai ka ji kalmar ƙarshe ta fito daga bakin da ya kwana biyu bai ce uffan ba. Da yawansu ba sa raba takardar waƙa, domin da takarda ta shiga hannu kai ya sunkuya, ido ya bar ido.

Ba a kuma faɗa wa ɗaki da kiɗa mai zafi. Tun a shekarun 1940 wani likitan taɓin hankali a jihar Mishigan ta Amurka, Ira Altshuler, ya bayyana ƙa'idar da masu jinya da kiɗa ke bi har yau: ka fara daga inda mutum yake, sannan ka ja shi a hankali zuwa inda kake so. In an tarar da ɗaki ya yi tsit ana gyangyaɗi, da taushi ake farawa, waƙa ta biyu ta ɗan fi ta farko motsi, ta uku ta fi ta biyu. In kuwa an tarar da wani yana kai da kawowa cikin damuwa, sai a kama saurin takunsa a kiɗa, a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har ya nemi kujera da kansa.

Ga inda gwanintar take cika. Dattijuwa ce a keken guragu, haɓa a ƙirji, ido a lumshe, tun da aka fara ba ta motsa ba. Mai gogen ba ya zuwa mata ta baya ko ta gefe, kada ta firgita. Ta gaba yake zuwa, a hankali, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa har idonsa ya yi daidai da nata, ya kira sunanta sau ɗaya. Ba ya roƙonta ta yi waƙa. Kallon ƙirjinta yake yi, ya ja gogen daidai da shigar numfashinta da fitarsa. Can sai ya hangi ɗan yatsanta manuni yana bugun hannun kujera, bugun da bai yi daidai da kiɗan ba. Ba zai gyara mata ba. Shi ne zai bar nasa ya koma kan nata, abokan kiɗansa su biyo shi, kamar yadda gwanin kalangu ke bin ƙafar mai rawa. Ta yi sauri su yi sauri, ta tsaya su tsaya cak. Sau biyu, sau uku, sai ta gane cewa ita ke jan ɗakin nan gaba ɗaya, ta ɗago kai. Mutumin da kullum sai an ɗaga shi, an juya shi, an ba shi a baki, yau ga ƙwararru uku suna jiran umarnin yatsansa.

Shirin Music for Life, wanda Linda Rose ta kafa a 1993 kuma zauren kiɗa na Wigmore Hall da ke Landan ke gudanarwa, a kan wannan aka gina shi. Makaɗa uku ne ke zama da masu gigin tsufa takwas da wasu ma'aikatan gidan, mako-mako har mako takwas. Sukan buɗe da waƙar maraba da ke ambaton sunan kowa, sauran kiɗan kuma nan take ake ƙirƙirarsa daga abin da tsofaffin suka yi. Wani lokaci a miƙa wa ɗayansu sandar jagoran makaɗa, duk inda ya kaɗa ta a bi.

Rawa ma a zaune take farawa. Mai koyarwar yakan fara da tafin ƙafa: diddige, yatsu, diddige, yatsu. Sai kafaɗa, sai wuyan hannu. Ba ya cewa dama ko hagu, don umarni irin wannan rikita mutum yake yi. Yakan ce a buɗe labule, a shanya wanki, a ɗaga wa jirgin ƙasa hannu, jiki kuma ya tuna abin da ya saba. Gyale yana taimakon wanda hannunsa ba ya miƙewa, domin ɗan motsi kaɗan sai ya zama babban lilo a iska, kuma mutum biyu kan riƙe bakinsa biyu su yi rawa tare ba tare da an taɓa wanda ba ya so ba. Idan za a riƙe hannu, mai rawar yakan shimfiɗa tafinsa a ƙasa ne tsohon ya ɗora nasa a kai, yadda duk lokacin da ya ga dama zai janye. Mai keken guragu kuwa ana fuskantarsa a yi rawa da shi; tura shi ta baya ana juyi da shi ba rawa ba ce. Wanda zai miƙe tsaye, sai ma'aikaciya ta yarda, ta kuma tsaya ta ɓangaren da ya fi rauni.

Irin waɗannan dabaru ana amfani da su ma a ajin masu cutar Parkinson, ciwon da ke kawo karkarwa da sandarewar jiki. A 2001 ƙungiyar rawa ta Mark Morris da ke Brooklyn a birnin New York ta fara shirin Dance for PD, inda ake farawa a kujera, a miƙe a dafa bayanta, sannan a ratsa ɗaki. Mai wannan ciwo yakan zo bakin ƙofa ƙafarsa ta kafe, ya kasa ɗagawa. Amma a ba shi bugu mai tsari, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, sau da yawa sai ƙafar ta saki, domin kunne ya ba ta lokacin da ƙwaƙwalwa ta kasa ba ta. Nan amfanin makaɗi mai rai yake fitowa fili: faifai ba ya ganin wanda ya makara, shi kuwa yana gani, ya jira shi.

Hawaye kan zo, kuma sabon shiga yakan tsorata ya katse waƙar. Gwani ya san kuka iri biyu ne. Akwai na wanda ya tuna mijinsa ko mahaifiyarsa, fuska a sake, leɓe na bin waƙar. Wannan sai a sassauta murya a kai waƙar ƙarshenta, ma'aikaciya ta matso ta riƙe hannu. Akwai kuma na firgita, jiki ya ɗaure, ido na neman ƙofa. Wannan a canza waƙa nan da nan, ko a raka mutum waje. Ba a rubuta bambancin a littafi yadda zai wadatar, a fuska ake koyon karanta shi.

Wasan ba ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma ba a tashi a kan waƙa mai zafi a bar wa ma'aikata ɗaki a hargitse. Ana saukowa da waƙa mai sanyi wadda kowa ya sani. Sannan makaɗin ya zagaya, ya gaisa da kowa da sunansa, ya yi godiya. Bayan an mayar da kujeru yakan sake zama da ma'aikatan na ɗan lokaci: wa ya motsa, da wace waƙa, wa aka ga bai ji daɗi ba. A rubuta, domin ma'aikaciyar da za ta yi wa dattijuwar nan wanka gobe da safe ta san waƙar da za ta riƙa yi mata ƙasa-ƙasa idan ta fara turjewa.

Kiɗa ba ya warkar da gigin tsufa, kuma masu wannan sana'a ba sa da'awar haka. Kafin la'asar wataƙila dattijuwar ta manta an yi baƙi. Sai dai wani bincike da aka yi a Jami'ar Iowa a 2014 ya nuna cewa masu cutar Alzheimer kan ci gaba da jin farin ciki ko baƙin ciki bayan sun manta abin da ya jawo shi. Don wannan saura ake durƙuson.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suke. Namu tsofaffin a ɗakunan gidajenmu suke, a hannun 'ya'ya da jikoki. Mai karatu, in kana da tsoho a gida, tambaye shi tun yana iya ba ka amsa: wace waƙa ya fi so yana saurayi, ta Shata ce ko ta Ɗan Maraya, wace ƙasida ake yi a unguwarsu, wace waƙar daka ko niƙa Iya ta iya. Ka rubuta ka ajiye, kuma ranar da za ka rera masa, ka zauna a gabansa daidai idonsa, ka bi saurinsa.