Kasuwa a Labarin Tafiya na Hausa

Tun da Abubakar Imam ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, bayan ziyararsa Ingila a 1943, rubutaccen labarin tafiya na Hausa ya ɗauki wata kama da bai rabu da ita ba. Matafiyin namiji ne, baƙon hukuma, kuma abin da aka kai shi ya gani shi yake bayarwa. Ba a ƙi wannan ba, amma ya bar giɓi.

Giɓin kuwa yana bakin mutane. Idan maigida da uwargidansa suka komo Dutsin-Ma ko Kurfi daga aikin Hajji, bayan gaisuwa da kurɓar zamzam, labarin da ke riƙe 'yan barka da zuwa shi ne na kasuwannin Jidda. A nan uwargida ke karɓe zance. Ita ta taya darduma da casbaha, ita ta ƙirga Riyal, ita ta ji Hausa a bakin Takari a Bab Makka ta tsaya kamar ta ga ɗan'uwa. Labarin nata yana da tsari, domin tsarabar kowa tana da nata babi. Fatake masu zuwa Guangzhou ma suna da irinsa, na cinikin bebaye da kwakuleta a unguwar Xiaobei.

Laifin marubuta ne da suka ɗauki ciniki bai kai darajar takarda ba, alhali yawancin waɗannan mata suna nan da ransu, ba wanda ya je da alƙalami.