Cinikin Biri a Sama: Yadda Muke Zaɓen Unguwa a Potiskum Daga Nan Sabo

Duk mai zama majalisa bayan sallar isha'i a nan Sabo ya san abin da za mu faɗa. Ana cikin shan shayi sai wani ya zaro waya ya ce, "Ku ga filina." Sai waya ta zagaya hannu-hannu. Ɗan gajeren bidiyo ne: rairayi, turaku huɗu, wata darbejiya can nesa, da muryar dillali yana cewa titi na nan zuwa, wuta ma na nan zuwa. Kowa ya ce Allah ya sanya albarka. Har waya ta koma aljihun mai ita, ba wanda ya tambaya wane ne maƙwabcin.

Tun rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, maganar komawa gida ta tashi daga bakin tsofaffi ta shiga bakin kowa. Mun ga shaguna sun ƙone, mun ga mutane sun hau motoci da 'yan komatsansu sun nufi Arewa ba shiri. Daga lokacin, wanda bai taɓa tunanin aza bulo a garinsu ba ya fara tara kuɗi. Mu da muka fito daga Potiskum da kewayenta muna cikin na gaba-gaba, kuma muna da yawa a Ibadan saboda harkar shanu da hatsi da tuƙin manyan motoci. Ba mu ga laifin wannan niyya ba, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da muke suka shi ne yadda muke zaɓen inda za mu zauna. Mutum ya yi shekara talatin yana tara gumi a kara, sannan ya zuba shi a wurin da bai taɓa kwana ba, daga nisan sama da kilomita 1,000. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kuskurenmu na farko, muna zaton garin da muka bari shi za mu tarar. Da yawanmu mun fito tun Potiskum tana cikin jihar Borno, kafin a ƙirƙiri Yobe a watan Agustan 1991. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar ta haura mutum 200,000, kuma abin da ya biyo baya ya sake canza ta. A watan Mayun 2012 an kai hari kasuwar shanu, aka kashe mutane da dama, aka ƙona dabbobi. A watan Yulin 2013 aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo. A ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi ana taron safe a makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati, yara sama da 40 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A waɗannan shekaru wasu sun bar garin, wasu kuma da yawa sun shigo daga ƙauyuka da garuruwan gabas suna neman mafaka, suka zauna har yau. Garin ya miƙe ta hanyar Damaturu, ya miƙe ta hanyar Kano, gonakin da muka sani sun zama gidaje. To mutumin da iyakar saninsa shi ne ya zo da Babbar Sallah ya yi kwana huɗu ya juya, da wane ido yake zaɓen unguwa?

In ka bibiyi dalilanmu, ba sa wuce uku. Na ɗaya araha. Na biyu girman fili, don mun gaji da matsin ɗakunan Sabo, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Na uku kuwa ba a cika faɗinsa a fili ba, amma mu faɗa tunda mu ya mu ne: gudun dangi. "Kai, in na zauna cikin gari ba za su bar ni in sha ruwa ba." Waɗannan ukun su ke kai mu bakin gari, can inda gini ya ƙare, mu ja katanga mai tsawo mu sa ƙofar ƙarfe.

Mu fara da arahar. Kusan duk bidiyon nan da rani ake ɗaukar su, lokacin da kowane fili yake a bushe kamar faranti. Ruwan Potiskum kuwa a watan Agusta yake nuna halinsa, kuma a daminonin baya-bayan nan mun sha jin ambaliya ta rushe gidaje a garin. Akwai filin da arha ta same shi don kwari ne, hanyar ruwa ce tun kaka da kakanni, 'yan gari sun sani shi ya sa suka bar shi. Dillali ba zai gaya maka ba, shi la'adarsa yake nema. Sannan ga ruwan sha. In babu rijiyar burtsatse kusa, kana hannun 'yan garuwa, kuma duk nisan gidanka, kuɗin kura yana ƙaruwa. A zafin Afrilu da Mayu, gida mai mutum goma ba ƙaramin ruwa yake sha ba. Haɗa da kuɗin Keke Napep na yara zuwa makaranta safe da rana, da na zuwa asibiti, da na cefane. Kafin shekara biyar, abin da ka rage wajen saye ka biya shi har da riba. Araha dai ba ta ado.

Sai maganar takarda. Da yawanmu abin da ke hannunmu shi ne takardar ciniki da sa hannun shaidu biyu, wani lokaci da hatimin mai unguwa, ita ma hotonta aka turo ta WhatsApp. Alhali tun dokar filaye ta 1978, filin cikin gari yana hannun gwamna ne, kuma shaidar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta fito daga hukumar filaye ta jiha. Gonakin bakin gari da ake yankawa, da yawansu gado ne. In ɗaya daga magada ya sayar ba da sanin sauran ba, ranar da ka kai linta sai ga sammaci. Wa zai riƙa zuwa maka kotu kana Ibadan? Abin mamaki, mu ne fa waɗanda ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙori, mun taɓa tozo, mun sa ya yi tafiya mun gani. Amma fili, wanda ya fi shanu goma tsada, sai mu saya a waya.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya mayar da ita. Wadda ta fi damunmu ita ce ta mutane. Me ya riƙe mu a Sabo tun da aka kafa ta a 1916? Ba katanga ba ce. Baƙo ya sauka daga mota bai san kowa ba, mai gida ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo, ya tsaya masa a ciniki. Har wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan ya fitar da littafi a 1969 kan yadda wannan riƙon amana ya ɗauki cinikin shanu da goro. In an yi haihuwa, kafin ka dawo daga masallaci mata sun cika gida. In an yi rasuwa, kafin azahar an haɗa likkafani. Mu da muka ci moriyar wannan zama fiye da kowa, mu ne in za mu koma gida muke neman inda ba kowa.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi fiye da shekara talatin a harkar shanu. Ya gina gida mai kyau a bayan garin Potiskum, muka raka shi tasha da addu'a. Da wasunmu suka je gaishe shi bayan shekara guda, sun tarar da shi a ƙofar gida shi kaɗai da rediyo. Masallaci mafi kusa sai ya hau babur, ga ciwon gwiwa, don haka asuba da isha'i a ɗaki yake yi, mutumin da a nan ba ya rasa sahun farko. Ya ce musu wata rana cikin dare jikin uwargidansa ya rikice, ya fito ya duba gabas da yamma, duk kangaye ne da gidajen da masu su ke Legas da Fatakwal. Sai da ya kira ƙaninsa daga cikin gari, wato ɗaya daga dangin da ya guje wa. Ya ce, "Wallahi a Ibadan ban taɓa jin ni baƙo ba ne kamar yadda nake ji a nan."

Kuma shi namiji ne, yana iya fita. Ranar Laraba ya tafi kasuwar shanu ya ga tsofaffin abokai. Matan fa? Yawancin matanmu a nan suna da sana'ar cikin gida: wata ƙosai, wata awara, wata ɗinki, wata adashi take riƙewa. Wannan sana'a da jama'a take tafiya. Ka kai mace inda gida biyar ne a layi, ka kashe mata jari ba tare da ka taɓa ko sisinta ba. Wasu ma a nan aka haife su, iyayensu na Sabo ko Ojoo, ba su da kowa a Yobe sai mijin. Su kuma yara, da Hausarsu mai gauraye da Yarbanci, suna buƙatar sa'o'i da Islamiyya kusa kafin su saba. Amma mu faɗi gaskiya, mu nawa ne muka nuna wa matanmu bidiyon kafin mu tura kuɗi? Majalisa ta gani, wadda za ta wuni a gidan ba ta gani ba.

Masu sayen bakin gari suna da hujja, kuma ba za mu danne ta ba. Cikin gari ya cika. A tsofaffin unguwanni irin su Tsohuwar Kasuwa fili ya yi wuya, wanda ya fito kuma kuɗinsa ba na kowa ba ne. Gidan gado sau da yawa ya yi wa magada kaɗan, komawa cikinsa neman rigima ne. Nauyin dangi ma gaskiya ne, don duk wanda ya dawo daga Kudu ana ganin da buhu ya dawo. Kuma kowace unguwa da ta cika yau, da can bakin gari ce, wani ne ya fara zama. Duk mun yarda. Amma wanda ya fara zama a sabuwar unguwa yawanci matashi ne mai ƙarfi da abin hawa, yana da shekarun jiran titi da wuta. Mai shekara sittin da biyar da hawan jini ba shi da wannan lokacin. Nauyin dangi kuwa, nisan kilomita biyar ba ya sauke shi. Masu nema za su zo ko ina kake, masu taimako ne nisa yake hanawa.

Akwai kuma wani sabon salo da muke ji, wai mu haɗu mu sayi gona guda mu yanka, 'yan Ibadan zalla, mu zauna tare. A ido abin sha'awa ne, aƙalla ka san maƙwabcinka. Amma a tsaya a duba: zango za mu sake kafawa a garinmu? A nan Kudu duk wanda ya sa hula ya fito daga Arewa Bahaushe ne, ko da kuwa Babole ne ko Bangizime ko Bakarkare ko Babarbare. A Potiskum ba haka abin yake ba. Gari ne mai fada biyu, ta Sarkin Fika, wadda ta dawo garin tun 1924, da ta Mai Potiskum, kuma kowace al'umma tana da tarihinta da abin da take ji da shi. Hausa ce harshen kasuwa, amma ba kowa ne Bahaushe ba. Wanda ya dawo ya killace kansa da 'yan'uwansa 'yan ci-rani, yana kallon mutanen gari a matsayin waɗanda ba su waye ba, yana cewa "mu a Ibadan ba haka muke yi ba," shi ma haka za a riƙa kallonsa daga nesa. Mun shekara da shekaru muna roƙon masu masaukinmu su ɗauke mu 'yan gari. Abin kunya ne mu je inda aka binne cibiyarmu mu mai da kanmu baƙi da hannunmu.

To me muke so a yi? Abu mai sauƙi wanda girman kai yake hana mu: a kama haya tukuna. Mun san ana jin nauyi, wai a ce Alhaji ya dawo daga Kudu yana gidan haya. A ce ɗin. Shekara guda, damina da rani, a unguwar da kake sha'awa, ko Dogo Tebo ce ko Dogo Nini ko Tudun Wada ko Arikime ko Nahuta, za ta gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. In hayar ba za ta yiwu ba, to a je da ƙafa a watan Agusta, washegarin ruwan sama, a tsaya a kan filin. A yi sallar asuba a masallacin wurin a ƙirga sahu. A tambayi mai kura nawa yake kawo ruwa. A taka zuwa makarantar firamare mafi kusa da agogo a hannu. A gaida mai unguwa da liman, a tambayi asalin gonar da ko an raba gadonta, sannan a bi takarda har ofishin filaye. A tafi da uwargida ta shiga gidajen maƙwabta, don abin da mata za su gaya mata cikin awa ɗaya, kai ba za ka ji shi a wata ba. Kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa bai kai kuɗin tirelar yashi da bulon katanga ba.

Mu kuma 'yan majalisa da sauran aiki a kanmu. Mun iya haɗa kuɗi mu kai gawa ko mara lafiya gida, ya kamata mu iya gaya wa mai rai gaskiya kafin ya tura kuɗinsa. Nan gaba in waya ta zagayo hannunka, ka yi addu'ar albarka kamar yadda aka saba, sannan ka tambaye shi: ka je? Ka ga wurin da damina? Wa ke gabas da kai, wa ke yamma? Hajiya ta gani? In ya ɓata rai, ya ɓata. Gara ya ji haushinka a Sabo da ya zauna shi kaɗai da rediyo a bayan gari.

Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya haɗa mu da maƙwabta nagari.