Kyandir ɗin Burai da Kyandir ɗin Tommy

Yau Japan muka nufa, daga can mu ɓulla Amurka, a kan jaruman nan masu kaya launi-launi da hular kwano, waɗanda yawancinmu muka sani da sunan Power Rangers.

Duk wanda ya kalli zangon farko, wanda tashar Fox ta fara nunawa ranar 28 ga Agusta 1993, zai tuna akwai 'yan mata biyu a cikin jaruman: Kimberly mai kaya ruwan hoda da Trini mai kaya ruwan ɗorawa. To ko kun taɓa lura cewa idan sun rikiɗa, Kimberly tana da ɗan siket a kan kayanta, Trini kuwa babu? Dalili shi ne mai kayan ruwan ɗorawan a asali namiji ne, sunansa Boi. Hoton faɗan kuma ba a Kalifoniya aka ɗauke shi ba. An yanko shi ne daga wani shirin Japan na 1992 mai suna Zyuranger, na kamfanin Toei.

Su Japanawa sun daɗe a wannan sana'a. Tun 1971 mai zanen labarai Shotaro Ishinomori ya fito da Kamen Rider, a 1975 ya biyo da Gorenger, jarumai biyar kowa da launinsa. Daga nan jerin da ake kira Super Sentai ya samo tushe, kusan kowace shekara sabon ayari, sabon labari, sababbin kaya. Katafaren mutum-mutumin da suke shiga a ƙarshen faɗa ya shigo jerin ne a 1979, bayan Toei ta gwada shi a nata shirin Spider-Man na 1978.

Wani ɗan kasuwa, Haim Saban, haifaffen Iskandariya ta Masar, shi ya ga irin wannan shiri a ɗakin otal a Japan cikin shekarun 1980, ya hango abin da wasu ba su hango ba. Fuskar jarumi a rufe take, bakinsa ba ya motsi, don haka kowace murya ka ɗora masa za ta zauna. Abubuwa masu cin kuɗi, wato dodanni da fashe-fashe da ƙaramin birnin kwali da ake rusawa, duk Toei ta riga ta biya. Abin da ya rage shi ne a samo matasan Amurka a ɗauke su a makaranta da shagon shan lemo, da zarar faɗa ya tashi sai a jona hoton Japan. Ya yi shekaru yana yawo da dabarar ana juya masa baya, kafin Margaret Loesch ta sashen yara na Fox ta karɓa. Mu da muka saba da fassarar fina-finan Indiya za mu gane dabarar nan take, sai dai a wajenmu murya kaɗai ake sauyawa. Shi Saban rabin fim ɗin ya yanke ya jefar, ya ɗinka nasa a gurbin.

To abin da ya jefar ɗin nake so mu tsaya a kai, don a nan ne raina ya fi sosuwa.

A Zyuranger jaruman ba 'yan makaranta ba ne. 'Ya'yan sarakuna ne da mayaƙa na wasu ƙabilu da suka rayu tare da manyan dabbobin nan dainoso, suka yi barci na shekara miliyan 170, suka farka a Tokyo ta yau. A kashi na 17 sai ga jarumi na shida mai koren kaya, Burai. Shi wan Geki ne, jarumi mai jan kaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ya yi wa sarki tawaye aka kashe shi, Geki kuwa sarkin ne ya riƙe shi tun yana jariri. Burai ya tashi da wannan ƙulli a zuciya, ya zo neman jinin ƙaninsa da hankalinsa garau, ba wanda ya yi masa asiri. Da suka sasanta, sai ya gano wani abu mai ɗaci: ashe tuni ya mutu, kogon da yake barci ya rufta masa, rayuwar da yake yi aro ce. Aka ajiye shi a wani ɗaki da lokaci ba ya tafiya, ga koren kyandir a gabansa. Duk sa'ad da ya fita taimakon ƙaninsa, kyandir na ci, kwanansa na raguwa. Ku dubi wannan hali, jama'a. Mutum yana zaune shi kaɗai, yana jin 'yan uwansa na shan kashi a waje, ya san kowane taku zai yi daga ransa ake cirewa, kuma ya tashi ya fita. A kashi na 42 kyandir ya ƙare. Burai ya miƙa wa Geki sulkensa na zinariya da wuƙarsa da ake busawa kamar sarewa, ya cika a hannunsa. Shirin yara ne fa, kuma bai dawo da shi ba.

A Amurka ma a kashi na 17 mai koren kaya ya bayyana: Tommy, sabon ɗalibi, wanda Jason David Frank ya fito a matsayinsa. Ba shi da wata gaba ta jini da kowa. Mayya Rita ce ta yi masa asiri, ana karya asirin ya dawo mutumin kirki. Koren kyandir ɗin ma yana nan, tunda yana cikin labarin da aka saya, sai dai ƙarfinsa yake zuƙewa maimakon ransa. Da kyandir ya ƙare, Tommy ya miƙa wa mai jan kaya sulke da wuƙa, ya koma gida lafiya lau. Daga baya ya dawo da farin kaya, waɗanda aka aro daga wani shirin daban, Dairanger na 1993, inda mai sa su yaro ne ɗan firamare.

Ni dai a ganina Japanawa sun fi girmama yaron da ke kallo. Sun yarda cewa yaro ɗan shekara bakwai ya san mutuwa, ya ga an fita da kakarsa, ya san 'yan uwa kan yi gaba su shirya. Ba su ɓoye masa ba. Amurkawa sun ji tsoron iyaye da hukumomin tace shirye-shirye, kuma tsoron yana da dalili, don a 1994 an cire shirin daga talabijin a Niyu Zilan saboda ƙorafin faɗa ya yi yawa, wata tashar yara a Kanada ma ta ajiye shi. Abin mamaki, daga zangon 2003 a Niyu Zilan ɗin aka koma ɗaukar shirin.

Ba zan rage wa na Amurka haƙƙinsa ba. Ayarin Japan shekara guda yake yi a sallame shi, na Amurka kuwa ya bar yaro ya girma tare da jaruminsa. Tommy ya yi kore, ya yi fari, ya yi ja, a 2004 ya dawo malamin makaranta mai baƙin kaya yana horar da na baya. Shi ya sa da Frank ya rasu a Nuwamba 2022, magidanta masu 'ya'ya suka yi ta jimami kamar sun rasa wa. Sannan haɗa baƙar fata da farar fata da 'yar Asiya a ayari ɗaya ya sa yara da yawa sun ga kansu a ciki. Wani lokacin ma ɗinkin kan fi yadin: Go-onger na 2008 shirin barkwanci ne na motoci masu magana, amma Amurkawa suka mai da shi RPM, labarin duniyar da na'ura ta cinye sai birni guda. Wani lokacin kuma ɗinkin ya kwance, kamar Turbo na 1997, inda aka ɗauko Carranger, shirin da da gangan yake tsokanar irinsa, aka ce sai an yi shi da gaske.

Sai maganar mayyar. Rita da muka sani muguwa ce kawai, mai ihu da kukan ciwon kai. A Japan sunanta Bandora, kuma uwa ce. Ɗanta Kai ya fasa ƙwan dainoso, dabbar ta bi shi har ya halaka, baƙin ciki ya sa ta sayar da ranta ga shaiɗan don ta rama. Duk ƙiyayyar da take yi wa 'ya'yan mutane daga nan ta samo asali. A ƙarshen shirin an dawo mata da Kai, ya sake mutuwa a gabanta, ta rungume shi ta fashe da kuka. A ƙa'idar labarin kuwa, mayyar da ta zubar da hawaye tsafinta ya karye. Kashi hamsin ana gwabzawa da takubba da mutum-mutumi, amma hawayen ɗa ne ya raba ta da ƙarfinta.

Matar da ta yi wannan wasa sunanta Machiko Soga, ta rasu a 2006. Fuskarta ce miliyoyin yara suka gani a zangon farko na Power Rangers, an ɗora mata muryar wata Ba'amurkiya, Barbara Goodson. Wurin da ta rungumi ɗanta tana kuka kuwa ba a saka shi a na Amurka ba.