Karuwar Littafi Ba Ta da Baki

Duk mai karanta littattafan Hausa ya san matar nan, ko da sunanta ya sauya sau ɗari. Tana shigowa a babi na uku da jan baki da taunar cingam, ta raba Alhaji da uwargida, ta lashe dukiya. A babin ƙarshe kuma marubuci ya ba ta zaɓi biyu: gadon asibiti da ƙanjamau, ko sallaya da hawayen nadama. Shekara talatin da ɗoriya ana buga ta a Kano, ana haska ta a finafinan Kannywood, amma da wuya a bar ta ta faɗi yadda aka yi ta tsinci kanta a bariki.

Ko gwanayen ma haka suka yi. A Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Delu ce tsohuwar karuwar da Alhaji Abdu ya auro, gidan uwargidansa Rabi ya watse. Littafi ne da ya amsa sunansa, kuma marubuciyar tana da dalilinta na tsayawa bayan Rabi. To amma Delu fa? Wa ya fara aurenta, tana 'yar shekara nawa, wa ya sake ta, ina 'ya'yanta? Hatta a labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, karuwai da magajiyoyinsu sun bayyana ne ta bakin matar aure.

Shi ya sa labarin Nalini Jameela yake da daɗin ji. 'Yar jihar Kerala ce a kudancin Indiya. A aji uku na firamare karatunta ya tsaya, ta yi leburanci a wurin haƙar yumɓu, mijinta ya mutu ya bar ta da yara, ta shiga harkar tana da shekara ashirin da 'yan kai. A 2005 tarihin rayuwarta ya fito da harshen Malayalam, aka sayar da kwafi 13,000 cikin kwana ɗari. Wasu manyan marubutan jihar suka kama gunaguni, wai adabi ya lalace. Da ma ai an saba: kowa yana da izinin yin rubutu a kan karuwa, ban da ita.

Abin da ya fi burgewa shi ne wanda ya biyo baya. Wani ɗan gwagwarmaya ne ya taya ta rubuta bugun farko. Littafi yana tsaka da cin kasuwa, Nalini ta ce sam, wannan ba muryarta ba ce. Ta tara wasu abokai, ta zauna ta sake ba da labarin daga tushe yadda take so, kuma wannan na biyun ne J. Devika ta fassara zuwa Turanci a 2007. Matar da ta yi aji uku ta mayar da littafi ga mai alƙalami ta ce bai yi ba. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wasu ma ba su jira kamfanin ɗab'i ba. A Rio de Janeiro ta Brazil, Gabriela Leite ta kafa jaridar Beijo da Rua a 1988 domin 'yan'uwanta mata masu zaman kansu. A New York ta Amurka, mujallar $pread ta fito daga 2005 zuwa 2011, masu sana'ar ne ke rubutawa, su tace, su buga, ba tare da albashi ba. Wanda ya buɗe irin waɗannan shafuka yana neman batsa zai sha mamaki, don abin da ya fi damun masu rubutun shi ne kamen 'yan sanda, lafiya, doka da kuɗi.

'Yan rajin kare haƙƙi ma ba su tsira daga ƙorafin hana ta baki ba. A taron ƙara wa juna sani da ake yi a otal mai sanyi, matar nan lamba ce a jikin allo. A wajen mai wa'azi misali ce, a wajen mai fim darasi ce. A littattafan batsa da ake tallatawa ta WhatsApp kuwa ta zama hajar sayarwa: a kwatanta gado filla-filla, a tsallake kuɗin ɗaki, a tsallake kason kawali, a tsallake kuɗin da take aika wa tsohuwa a ƙauye da sunan tana aikatau.

Za a ce zina haramun ce, kuma ba ta alƙalami tamkar ɗaure wa ɓarna gindi ne. Na farkon babu mai jayayya. Na biyun kuwa, likita ma sai ya saurari mara lafiya kafin ya rubuta magani.

Abin takaicin shi ne marubutan Kano sun fi kowa sanin wannan hanya. Tun daga shekarun 1980 mata da maza suke zaro kuɗi daga aljihunsu su kai maɗaba'a, su ɗauki littafi su kai wa 'yan kasuwa, babu wani babban kamfani a bayansu. An kira su masu ɓata tarbiyya, har a 2007 aka tara littattafansu aka cinna musu wuta a zamanin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. Sun ɗanɗana yadda ake yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

A 2012 wani ƙaramin kamfani na Chennai mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi, Delu ta isa Indiya tana nan a yadda aka zana ta. Saura a ga marubucin da zai ɗauki rikoda ya yi sallama a gidan magajiya, ya rufe bakinsa ya saurara, ya kuma haƙura idan ta karanta ta ce a sake.